Tambayi Likita: Baba Ya Haura 70, An Ce A Yanke Masa Tumbi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Mahaifinmu manomin gero da riɗi ne. Ba shi da takardar haihuwa, amma yakan ce yana kiwon awakin gidansu aka ba Najeriya 'yanci a 1960, shi ya sa muke ƙiyasta ya kai 74 ko ya ɗan haura. Kusan shekara biyu ke nan yana fama da zafin ciki, ana ce mana olsa ce. Ya sha ruwan kanwa, ya sha jiƙe-jiƙe, ƙwayoyin kemis kuwa ba a magana. Da shi aka yi girbin bana, amma tun daga nan sai ramewa yake yi, yana amai, wani lokaci har tuwon jiya yake amayowa, bayan gidansa kuma ya koma baƙi. Muka kai shi Kano aka zura masa na'ura ta baki, aka gutsiro ɗan nama. Sakamako ya nuna ciwon daji ne a ƙasan tumbi, daf da mafitar abinci. An ce mu yi hoto, in hali ya yi za a yi masa aiki.

Yanzu gida ya rabu biyu. Yayanmu da ke Legas ya ce a kai shanun huɗa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a yi aikin ko nawa ne. Baffanmu ya ce tsoho ba ya ɗaukar wuƙa, kuma daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi. Baba kansa ba mu gaya masa sunan ciwon ba. Don Allah Likita, mutum mai shekarunsa zai iya jure wannan aiki? Kuma ana rayuwa in an yanke tumbi?

Naka, daga karkarar Gumel.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiya.

Tuwon jiyan nan da ka ambata shi ya fara tsayar da ni. Tumbin mai lafiya cikin 'yan sa'o'i yake sallamar abinci zuwa hanji. In mutum ya wayi gari ya amayo abin da ya ci daren jiya, to ƙofar fita ta ƙuntata, abinci na shiga ba ya wucewa. Irin wannan mara lafiya yunwa da ƙishirwa ke fara kayar da shi tun kafin dajin ya yi nisa: ruwan jiki ya ƙone, gishirin jini ya rikice, ƙoda ta fara gajiya. Baƙin bayan gida kuma jini ne ke tsiyaya a ciki. Saboda haka kada ku zauna jiran kan dangi ya haɗu. Ku mayar da shi wurin likitansa a wannan makon, a auna jininsa, a ƙara masa ruwa in da buƙata. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin a ɗauke su daga kusa da shi, domin suna ƙara zubar jinin. In akwai wanda likita ya ɗora shi a kai saboda zuciya, ku kai kwalin a gani.

Shanu kuwa, a bar su a turke tukuna. Kuɗin da ake buƙata yanzu na hoton siti-sikan ne na ƙirji da ciki, kuma shi zai nuna wane irin aiki ake magana a kai. Hoton yana duba ko ciwon ya tsallaka hanta, ko huhu, ko ya tara ruwa a ciki. Wani lokaci hoton kan fito fes, amma akwai ƙananan tsiro kamar ƙwayar gero warwatse a bangon ciki waɗanda ba ya kamawa. Shi ya sa likitan fiɗa kan fara leƙawa da kyamara ta ƙaramar huda kafin ya buɗe mutum. In an ce za a yi wa Baba haka, ku yarda, yana hana a yi wa tsoho babban yanka a banza.

To, batun shekaru. Ni dai ban taɓa fasa aiki don an ce mini 74 ba, ban kuma taɓa shiga tiyata don an ce 55 ba. In tsoho ya zauna gabana, tambayoyina na gida ne. Baba, da ƙafa kake zuwa masallaci da asuba? Kana tsugunawa ka yi alwala ka miƙe ba a kama ka ba? Gona fa, yaushe rabonka da ita? Kana tuna wanda ya zo gaishe ka jiya? Sai in ɗauke shi mu hau bene hawa biyu tare, ina sauraron numfashinsa. Akwai wani dattijo masunci daga wajen Haɗeja da ya zo mini, 'ya'yansa suka ce ya kusa 80. Da na miƙa masa hannu ya damƙe, sai da na ji a ƙashina. Har watan da ya kwanta keke yake hawa zuwa bakin kogi. An yanke masa fiye da rabin tumbi, kwana na biyu yana takawa a barandar ɗakin jinya yana riƙe da sandar ƙarin ruwa. A makon kuma na ga wani da bai wuce 62 ba, ga ciwon suga, ga hawan jini da ya taɓa zuciya, wata uku yana kwance sai an juya shi. Shi kam na gaya wa iyalinsa babban aiki zai gajarta masa kwana ne.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a wasiƙarka shi ne da Baba aka yi girbin bana. Wanda ya yanki gero watannin baya yana da sauran ƙarfi a jiki, ramar da ta biyo baya yawancinta ta yunwa ce, kuma yunwa ana gyara ta. Sauran sai gwaji: awon zuciya, hoton ƙirji, aikin ƙoda, yawan jini, da sinadarin albumin da ke nuna ko jiki na da abin da zai haɗe rauni. Likitan da ke sa barcin tiyata ma sai ya gan shi, kuma maganarsa tana da nauyi daidai da ta mai riƙe wuƙa.

Maganar Baffa kada ku yi watsi da ita, domin abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Mutanenmu ba sa isowa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. A buɗe ciki, a tarar ya riga ya mamaye ko'ina, a rufe, bayan wata biyu a yi jana'iza. Mutanen gari sai su ce wuƙa ce ta watsa shi, alhali a watse aka same shi. Ku gaya wa Baffa cikin ladabi cewa dajin tumbi da bai bazu ba, yanke shi ne hanyar da ake sa ran warkewa da ita. Ba jiƙo, ba ƙwaya, ba allurar da ke maye gurbin wannan. Amma a ɓangaren tsoho da wuƙa, yana da rabin gaskiya. Aikin babba ne, yakan ɗauki sa'a uku zuwa biyar. Ɗinkin da aka haɗa tumbi da hanji yana iya yoyo, huhu na iya kamuwa da nimoniya, jini na iya daskarewa a ƙafa, tsoho kuma yakan ruɗe na 'yan kwanaki har ya kasa gane 'ya'yansa. Matashi in ɗaya daga cikin waɗannan ya same shi yakan farfaɗo. Tsoho guzurinsa kaɗan ne, tuntuɓe ɗaya na iya kai shi ƙasa. Wannan ma a faɗa wa Yaya na Legas, don kada ya ɗauka kuɗi kaɗai ne tsakanin Baba da lafiya.

Aikin kansa iri-iri ne. A Japan da Koriya ta Kudu, inda ciwon ya yi yawa har hukuma ke kiran masu lafiya a leƙa cikinsu (a Koriya daga shekara 40, duk bayan shekara biyu), sukan kama shi tun yana saman fatar tumbi, su kankare shi da na'urar nan ta baki ba tare da an tsaga ciki ba. Ciwon da ya kai ga toshe mafita ya wuce wannan matakin, don haka in wani ya karanto muku shi a waya, ba na Baba ba ne.

Wanda ya fi dacewa da inda ciwon Baba yake shi ne a yanke ƙasan tumbi, kamar kashi biyu cikin uku ko fiye, a bar na sama, a jawo hanji a ɗinke da shi. Aikin ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Theodor Billroth ne ya fara yin sa cikin nasara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1881, kuma har yau da sunansa ake kiran wasu hanyoyin ɗinkin. A nan Allah ya yi muku sauƙi ta wani ɓangare, domin da a sama ciwon yake, kusa da inda maƙogwaro ya shigo, da tumbin gaba ɗaya za a cire a haɗa bututun abinci kai tsaye da hanji. Ana rayuwa a hakan ma, shekaru masu yawa, tunda hanji ne ke tsotse amfanin abinci, tumbi rumbu ne da turmi. Sai dai tsoho ya fi jure wanda aka bar masa saura: yoyon ɗinki ya fi ƙaranci, cin abinci ya fi saurin dawowa, rama ba ta kai ta wancan ba.

Ba tumbin kaɗai ake ɗauka ba. Ka san kaluluwar da ke fitowa a hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo a hannu ko ƙafa? Irinta na nan jere a kewayen tumbi da jijiyoyin jininsa, kuma nan daji ke fara yada zango. Ana kwashe su tare, ana son a samu aƙalla 16 a duba a ɗakin gwaji. Yawan zurfin da za a yi wajen kwasar shi ne inda hankalin likita ke aiki a kan tsoho. A wani babban bincike da aka yi a Holan, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 1995, waɗanda aka yi wa kwasa mai zurfi 10 cikin 100 sun rasu sanadin aikin, waɗanda aka yi wa matsakaiciya kuwa 4 cikin 100. Daga baya aka gane yawancin ɓarnar ta zo ne daga cire saifa da wani sashe na gaɓar nan mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, kuma da aka bi mutanen shekara 15 sai aka ga kwasa mai zurfi ta fi hana ciwon dawowa. Yau ana yin mai zurfin a bar saifa a wurinta, in mara lafiya na da ƙarfi kuma hannun ya saba. Ga tsoho mai rauni, ni na fi son a taƙaita, ya tashi daga gadon ya koma gida. Ku tambayi likitan kai tsaye sau nawa yake yin irin wannan aikin, kuma akwai ɗakin kulawa ta musamman in an fito. Ba rashin kunya ba ne. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

In kuwa hoto ya nuna ciwon ya kai hanta ko ya bazu a bangon ciki, magana ta canza, kuma ina roƙonku ku karɓi canjin. Wani bincike da aka yi a Japan da Koriya ta Kudu da Singafo, aka fitar a 2016, ya nuna cire tumbi a irin wannan hali bai ƙara wa marasa lafiya kwana a kan magani kaɗai ba. Abin da ya rage a nema wa Baba shi ne ya ci abinci ya zauna, ya daina amai, ya kwana ba zafi. Akwai ƙaramin aiki na wannan: a bar ciwon inda yake, a buɗe wa abinci sabuwar hanya daga saman tumbi zuwa hanji, kamar yadda ake yi wa ruwa kwana in magudana ta toshe. Akwai kuma ragar ƙarfe da ake zurawa ta baki ta buɗe mafitar, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Na ga tsofaffin da aka yi wa sabuwar hanyar nan suka koma ƙauye suka sha furarsu, suka ga auren jikoki. Ba warkewa ba ce, amma ba ƙaramin abu ba ne.

Za ku ji maganar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake bayarwa ta jijiya ko ta baki. Tun 2006 wani bincike na Ingila ya nuna ba da shi kafin aiki da bayansa yana ƙara yawan waɗanda ke tsira. Amma mai amai da zubar jini sau da yawa aiki ake fara yi masa, kuma tsofaffi ana rage musu ƙarfin maganin gwargwadon jikinsu. Wannan a bar wa likitocin daji.

In an tsayar da ranar aiki, kwanakin da ke gabanta aikinku ne ku 'ya'ya. Ku tanadi masu ba da jini tun yanzu, ku da abokanku, kada a bari sai daren tiyata. Tuwo da ɗumame a ajiye su. A ba shi mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa da madara, nono, ƙwai, romon kaza ko kifi, alalar da aka dama ta yi laushi. In ma wannan ba ya zama, a kwantar da shi asibiti, za su sa siririn tiyo ta hanci su wanke tumbin su nemi hanyar ciyar da shi. Ya riƙa takawa kullum ko zuwa ƙofar gida ne. In yana shan taba ko shaƙa ta, a daina yau. Kuɗi kuwa, ku nemi a rubuta muku ƙiyasi har da na bayan aiki: kwana bakwai zuwa sha huɗu a gado, magunguna, gwajin naman da aka cire, kuɗin mota Gumel zuwa Kano ba sau ɗaya ba. Ku leƙa ofishin jin-ƙai na asibitin, ku kuma bincika ko katin inshorar lafiya na jiha zai ɗauke wani abu. In an sayar da shanu biyun duka, da me za a yi huɗa in damina ta faɗi? Wannan tambayar mai shanun ya kamata a yi wa.

Nan na zo ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, Malam. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, Legas ta yi magana, Baffa ya yi, mai cikin da za a tsaga ne kaɗai ba a tambaya ba. Na san don tausayi kuka ɓoye. Ni ma na taɓa biye wa wasu 'ya'ya a farkon aikina, muka riƙa ce wa mahaifinsu gyambon ciki ne. Wata rana da dare ina zagayen marasa lafiya, ya kama gefen rigata ya ce in zauna. Ya ce, "Likita, na ga yadda yaran nan ke fita waje su yi kuka su wanke fuska su dawo. Ni ba yaro ba ne. Akwai amanar marayu a hannuna, akwai iyakar gona da ni kaɗai na san inda take. Ka gaya mini ko ina da lokaci." Na gaya masa. Washegari ya sa aka kira ƙaninsa da limamin garinsu. Har yau ina jin nauyin makonni ukun da muka ci masa.

Ba sai an jefa wa Baba kalmar kamar dutse ba. Ku zaɓi wanda ya fi jin maganarsa, ku zauna da likita, a fara da tambayarsa me shi yake gani game da ciwon nan, kuma yana so a yi masa bayani duka ko ya wakilta wani. Wani tsohon zai ce a yi aikin, ya dogara ga Allah. Wani zai ce a buɗe masa hanyar abinci kawai a mayar da shi ɗakinsa. In ka tambaye ni, idan hoto ya fito da kyau kuma zuciya da ƙoda suka amsa, ina ganin mutumin da ya yi girbin bana ya cancanci a ba shi damar babban aikin. Amma sa hannun nasa ne.

Ku ma 'ya'yansa akwai abin da ya shafe ku. Babban sanadin dajin tumbi wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda ake ɗauka tun ƙuruciya a gida ɗaya, kuma tun 1994 hukumar binciken daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa shi. Ana gano ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14. Ku je a gwada ku. Kuma duk wanda ya manyanta a gidanku ya fara "olsa" sabuwa tare da rama, ko amai, ko baƙin bayan gida, ko saurin ƙoshi, a leƙa cikinsa kafin a saya masa kwalin ƙwaya na biyu.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, wata takwas ke nan da aka cire wa mahaifiyata tumbi gaba ɗaya, shekarunta 68. Alhamdu lillahi ta tashi. Amma in ta sha koko da safe sai zufa ta karyo mata, gabanta ya riƙa faɗuwa, jiri ya ɗebe ta. Ciwon ne ya dawo? Kuma ta dage sai ta yi azumin bana.

'Yarku daga wani ƙauye a Sumaila.

AMSA

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Abin da kika kwatanta sananne ne ga wanda ba shi da tumbi. Da can tumbi ne ke riƙe koko yana sakin sa a hankali. Yanzu kofi guda mai suga yana faɗawa hanji lokaci ɗaya, ya jawo ruwa daga jini, sai zufa da jiri cikin minti 10 zuwa 30. Wani kuma sai bayan sa'a ɗaya zuwa uku, lokacin da sugan jini ya yi sama ya faɗo. Ki cire suga daga kokon, ki rage shi zuwa rabin kofi mai kauri, ta fara cin ƙwai ko ƙosai kafin ta sha. Abincinta a raba shi sau shida ko fiye a yini, ta tauna sosai, kada ta haɗa ci da shan ruwa, ta jira kamar rabin sa'a. Lemon kwalba da shayi mai zaƙi a bar su. Bayan ci ta kishingiɗa da matashi a bayanta. In kin yi haka mako biyu ba sauƙi, ko tana amai, ko abinci na tsaya mata a ƙirji, ko ramar na ƙaruwa, ki mayar da ita wurin waɗanda suka yi aikin.

Ba ki ambaci allurar bitamin B12 ba, ina fata ana yi mata. Tumbi ne ke samar da abin da ke sa jiki ya karɓi wannan bitamin, wanda aka cire wa shi duka yana buƙatarsa har ƙarshen rayuwa, wata-wata ko duk wata uku gwargwadon irin allurar. Hanta na da ajiyar da kan kai 'yan shekaru, shi ya sa ake sakaci, sai daga baya a ga ƙarancin jini, ƙafafu na dindiris, mantuwa ta yi yawa, a ce tsufa ne. A duba mata sinadarin ƙarfe na jini ma.

Azumi kuwa, ta fuskar lafiya ban ba ta shawarar yi bana ba. Mai cin loma kaɗan sau shida ba za ta iya haɗa abincin yini tsakanin magariba da sahur ba, kuma buɗa-baki da kunu mai zaƙi bayan yunwar yini shi ne ainihin abin da ke kayar da ita. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Ki samu malamin da take girmamawa ya zo har gida ya yi mata bayanin ramuwa da ciyarwa da bakinsa, ta fi karɓa daga gare shi. Ki kuma auna nauyinta a asibitin garinku kafin watan ya kama, ki rubuta a katinta, ki tafi da shi ranar da za ta koma ganin likita.